Ruwan Buta Ba Ruwan Sama Ba Ne

Na daɗe ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a Birnin Kudu, kuma a duk darussan da nake yi babu mai sauƙi kamar na layuka. Ka ɗiga alli a nan, ka ɗiga a can, ka ɗora rula ka haɗa su. Wannan layi ya san inda ya fara, ya san inda ya ƙare, ana iya auna shi. Turanci yana da sunan da yake kiransa, amma ni a aji guntu nake ce masa. Ɗan'uwansa kuwa ɗigo ɗaya gare shi, na farko. A ɗaya gefen sai a yi masa kan kibiya, ma'ana ya fita ke nan, ba shi da masauki. In ka ga ya tsaya, allo ne ya ƙare. Wannan shi nake ce wa matafiyi. 'Yan aji ɗaya suna gane bambancin kafin a kaɗa ƙararrawa. Masu furfura ne na kasa ganar da su, kuma a kan ɗakin mahaifiyata abin ya ƙare.

Gidanmu na ƙasa ne, a cikin wani lungu siriri, wanda idan jaki ya shigo da mangala sai mai tafiya ya manne da bango. Ɗakin Inna shi ne ya ba lungun baya. Babanmu ne ya gina shi da hannunsa a shekarar da ya auro ta daga Zandam ta ƙasar Gwaram, kuma duk bazara shi yake yi masa yaɓe. Da ya rasu sai yaɓen ya dawo kaina. A ɗakin aka haife mu duka. Akwai randa a kusurwa, an kafa ta cikin yashi, ruwanta ya fi na firij daɗi. Akwai gadonta na ƙarfe da jeren kwanukanta, da wani gurbi a jikin bango inda take ajiye carbi da man zafi. Ba wani ɗakin a zo a gani ba ne, amma Inna ba ta taɓa kwana biyu a wani wuri ba tare da ta fara mitar ɗakinta ba.

Tsallaken lungun gidan Alhaji ne, mai fataucin hatsi da riɗi. Ya girme ni, amma a gaban Inna ya tashi, ya sha cin ɗumamenta da safe yana yaro. Da kasuwa ta yi masa kyau sai ya rushe tsohon soronsu ya tayar da ginin bulo, ya yi masa rufin kwano mai faɗin gaske. Ban yi masa hassada ba. Ko na yi, kaɗan ce, irin wadda ba ta hana mutum cewa Allah ya sanya alheri.

Tsohon soron yana da indararo na yumɓu, ƙanana, a warwatse, kowanne da ɗan ruwansa. Sabon rufin kuwa magudana ɗaya aka yi masa, ta tattaro ruwan kwanon gaba ɗaya ta zuba a wani bututun roba mai kaurin cinya. Tsakar gidansa ya shafe ta da siminti, ba ya son ruwa ya kwanta masa a can, don haka aka juyo bututun waje. Ina dawowa daga makaranta wata rana na ɗaga kai, na ga bakinsa yana kallon bayan ɗakin Inna.

Na same shi a zaure, na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, "Alhaji, wannan indararon naka fa bangon Inna ya saita."

Bai ko ɗago daga wayarsa ba. Ya ce, "Haba Malam, ai lungu na kowa ne. A lungu zai zuba."

Na ce ba zai tsaya a lungu ba. Ya ce to in kai ƙara.

Unguwarmu tana da yadda take raba rigimar indararo tun kaka da kakanni. Mai unguwa yakan zo da dattawa, a kafa tsani, a hau da buta cike da ruwa, a tsiyaya a saman indararon. In ruwan ya faɗi a lungu, shi ke nan. In ya taɓa bangon maƙwabci, a rage tsawon indararo ko a juya shi. A zamanin soraye na ƙasa wannan gwaji bai taɓa zaluntar kowa ba, don ruwan da ƙaramin soro yake tarawa bai fi na buta da yawa ba.

Aka zo ana tsakiyar bazara, ko ɗigon hadari babu a sama. Maginin Alhaji ya hau tsani ya juye buta a magudana. Muka zuba ido. Can sai ruwan ya leƙo bakin bututun kamar mai jin kunya, ya ɗiɗɗiga ƙasa, ya jiƙa wurin da bai fi faifai ba. Mai unguwa, dattijo ne mai son a gama magana da wuri, ya kwantar da sandarsa daga jiƙaƙƙen wurin zuwa bangonmu, ya ga da sauran fili. Ya nuna sama da sandar, ya nuna ƙasa, ya ce, "Ga farkonsa, ga ƙarshensa. Ina abin rigima?"

Nan malamin da ke jikina ya motsa, Allah wadaran naka ya lalace. Na tsuguna na ɗauki tsinke na zana musu a ƙasa. Na yi ɗigo biyu na haɗa, na ce, "Ranka ya daɗe, wannan shi kuka auna." Na yi ɗigo ɗaya na ja layi na sa masa kan kibiya, na ce, "Wannan shi zai zo da damina. Yana da farko, amma ba shi da ƙarshe sai abin da ya tare shi. Abin da zai tare shi kuwa bangon Inna ne. Ruwan buta ba ruwan sama ba ne."

Alhaji ya ce, "Jama'a, a tafa wa Malam, an tashi daga makaranta."

Aka kwashe da dariya, har da waɗanda nake koyar da 'ya'yansu. Mai unguwa ya ce, "Ruwa ruwa ne, Malam. Haka muka tarar da iyayenmu suna yi." Wani ya taka zanen nawa da takalminsa wajen wucewa. Ban manta fuskarsa ba, amma ba shi ne a gabana ba.

Na san masu ilimin kimiyya za su ce ruwa ba ya tafiya a miƙe, lanƙwasa yake yi ya faɗi. Gaskiyarsu. Sai dai lungunmu ba shi da faɗin da zai ba shi damar lanƙwasawa. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, na fita da buhu a ka na tsaya na gani da idona. Ya fito daga bututun a dunƙule, ya tsallake lungun bai taɓa ƙasa ba, ya daki bangon daidai ƙirjin mutum. Yaɓen da na yi da bazara ya narke ya bi lungu, ja wur.

Babu abin da ban gwada ba. Na rataya leda, ruwan ya yage ta. Na jingina tsohon kwano, iska ta yar da shi. Na cike ramin da sabuwar ƙasa, ruwa na gaba ya kwashe ta tun ba ta bushe ba. Na koma wurin mai unguwa ya ce an riga an yanke, kuma ba zai fito cikin ruwa da tsufansa don kallon indararo ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da Inna ta saka hijabinta ta tsallaka da kanta, ba ta gaya mini ba. Matata ce ta ba ni labari. Inna ta zauna a zauren Alhaji a kan tabarma tun hantsi, tsohuwar da ta goya shi, har ya ga dama ya fito. Ta ce, "Ɗana, ɗakina yana jiƙa ta ciki." Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, manya sun riga sun duba." Ya sa aka ɗebo mata kwanon gero. Ta baro geron a wurin ta dawo.

Bangon ya faɗi a cikin marka, bayan la'asar. Allah ya taimake mu Inna tana gidan suna a bayan layi. Ina tsakar gida ina duba takardun yara a ƙarƙashin rumfa na ji wani nishi, sai ƙara, sai ga hasken lungu a inda ɗaki yake. Azara ta rufta a kan gadon ta lanƙwasa shi. Randar ta fashe. Da Inna ta dawo ta tsaya a bakin ƙofar, don ƙofar ita ba ta faɗi ba, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta zaro murfin wani kwano daga cikin taɓo, ta goge shi da gefen zanenta, ta riƙe.

Alhaji ya zo jaje da magariba, da babbar rigarsa. Ya ce, "Allah ya kiyaye gaba. Ginin ƙasa ke nan, Malam, ba ya jure zamani."

Na ce amin. A raina kuwa na rantse sai na ga ranar da zai tsaya a gaban nasa bangon yadda Inna ta tsaya. Ba na ɓoyewa, na tsane shi a ranar, tsana mai tsabta wadda ba ta gauraya da komai ba.

Na ce wa Inna ta koma ɗakina, ni in koma zaure. Ta ce ba za ta kwana a ɗakin suruka ba tana da rai. Kwana kaɗan ƙanenta ya zo ya tafi da ita Zandam. Da za ta shiga mota ta ce mini, "Sai an gyara."

Na shafe ragowar daminar ina kallon gidan Alhaji. Duk ya zama bulo, sai abu ɗaya. A can ƙasan lungun, a karkace da gidanmu, akwai tsohon sitonsa na ƙasa inda yake jibge buhunan gero da riɗi. Ya bar shi ne don hatsi ya fi son sanyin ƙasa, ba ya gumi a ciki. A jikin bangon siton akwai wata tsaga da ta sauko daga sama. Kullum in zan tafi masallaci sai na gaishe ta da ido.

Da rani ya shigo na tayar da ɗakin Inna da bulo. Siton ba ya fuskantarmu kai tsaye, kuma da ɗan nisa, don haka ruwan da zan aika masa yana bukatar tsawo da ƙarfi. Na sa aka ɗaga harsashin ginin sosai, aka ɗaga bangon. Na sa aka karkato rufin ɗakin da na rumfa da na ɗakina duk suka zubo a magudana ɗaya. Maginina, wani mai yawan surutu daga Gwaram, ya yi ta tambaya ina amsa masa da cewa iska nake so ta riƙa shiga.

Ranar kafa bututu na zaɓi lokacin da Alhaji ya tafi cin kasuwa. Na buga ƙusa a kusurwar rufinmu, na ɗaura igiya, na sauko na ja ta har kan tsagar siton, na ɗame ta. Ɗigo a nan, ɗigo a can: guntu ke nan, kamar a allo. Na ce wa magini ya kwantar da bututun ya bi igiyar, kada ya kauce ko da faɗin farce, don kaucewa kaɗan a farko ita take zama babba a can gaba. Na sa ya gasa bakin bututun a wuta ya matse shi. Da ya ɗaure shi da siminti sai na kwance igiyata na naɗe. Guntu ya tafi, matafiyi ya zauna.

Magini ya sauko ya tsaya a lungu, ya rufe ido ɗaya ya bi bakin bututun da kallo har inda ya nufa. Ya ce, "Malam, wannan ai ba indararo ba ne, bindiga ce. In za ka haƙa ramin mugunta dai, haƙa shi gajere."

Na ce masa aikin gini na ɗauke shi, ba wa'azi ba.

Na aika wa Inna cewa ɗaki ya kammala, har na sayi sabuwar randa. Ta aiko cewa sai bayan damina. Na ɗauka tsoron ruwan Alhaji take yi, don nasa bututun yana nan yadda yake, sai na ƙara ƙulla abin a raina.

Ban yi zaton Alhaji zai lura da wuri ba. Washegarin dawowarsa, tun ba a yi ko yayyafi ba, sai ga shi da mai unguwa da dattawa, yana ta kumfar baki. Kallo ɗaya ya yi wa bututun ya gane inda ruwan zai sauka. A nan na tsaya cak. Ashe ya sani. Mutumin da ya iya bin bakin bututu da ido ya gano bangonsa, ya iya bin nasa ya gano na Inna tun ranar farko. Duk shekarar nan ina yi masa uzurin jahilci a wani lungu na zuciyata, ashe mugunta ce zalla.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga tsani, ga buta."

Ni na cika ta da hannuna. Magini ya hau ya juye. Ruwan ya leƙo, ya ɗiɗɗiga a gindin bangonmu, bai ko kai tsakiyar lungu ba.

Alhaji ya daka tsawa, ya ce, "Wane irin gwaji ne wannan? Ai ruwan buta ba ruwan sama ba ne!"

Duk waɗanda suka yi dariya bara suna wurin, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Mai unguwa ya juya sandarsa a hannu, ya dube ni, ya dubi Alhaji. Ba wawa ba ne, ya san abin da ake ciki, amma in ya ƙaryata butar yau ya ƙaryata ta bara, kuma ɗakin Inna ya hau wuyansa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ruwa ruwa ne, Alhaji."

Na sha jin daɗi a duniya, na aure da na haihuwa, amma na wannan rana daban yake. Sai da na ci tuwo malmala biyu.

Damina ta sauka. Ruwan farko na fita ba ko buhu a kaina. Ya fito daga matsattsen bakin nan da ƙarfinsa, ya yanka lungun a karkace, ya sauka a kan tsagar kamar an aike shi. Alhaji ya sa aka yi wa bangon shafen siminti, ruwan ya shiga ta bayansa ya ɓamɓare shi ɓawo-ɓawo. Ya jingina kwano, iska ta yar. Duk abin da na yi bara sai da ya yi, ni kuwa ina zaune a dakali ina duba masa aiki. Nasa bututun yana ta dukan sabon bangona, bulo ko a jikinsa.

Alhaji ya aiko limami. Ya aiko wani aminin babanmu. A ƙarshe ya zo da kansa, ba babbar riga, ya ce, "Malam, ka juya naka in juya nawa."

Na ce, "Bar naka yadda yake, Alhaji, yana wanke mini bango."

Ya ce, "Don girman Allah."

Na ce, "Ka yi haƙuri, manya sun riga sun duba."

Matata ta ce abin ya isa haka. Na ce mata tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Alhaji ya fara kwashe buhunan zuwa cikin gida, amma sun yi yawa, kuma yana ta jinkiri yana zaton zan sauko. Siton ya zauna wata safiya bayan an kwana ana ruwa. Bangon lungu ya fara tafiya, rufin ya bi shi. Buhunan da suka rage suka sha ruwa, kafin a tono su gero ya fara tsiro ta jikin buhu, lungu ya ɗauki tsami. Na ga Alhaji tsaye cikin taɓo har idon sawu, hannu a ƙugu. Na saka rigata mai kyau na je na yi masa jaje. Na ce Allah ya kiyaye gaba. Sauran maganar ban ƙarasa ba, ya ji ta a idona.

Ranar Asabar na shiga motar Gwaram, daga can na hau babur zuwa Zandam. Gero ya yi kai a gonaki hagu da dama, ni kuwa ina ta shirya yadda zan ba da labarin, inda zan tsaya, inda za ta yi dariya. Na tarar da ita a gidan kawuna, zaune a kan buhu a ƙofar wani ɗan ɗaki da aka raba mata da kayan noma, tana ɓarar tsohuwar gyaɗa. Ta rame. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya.

Na ba ta labari tun daga igiya har zuwa tsiron gero. Har na zana mata a ƙasa. Ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba.

Da na gama ta ce, "Nasa ya faɗi."

Na ce, "Ya faɗi, Inna, har ƙasa."

Ta ce, "To nawa ya tashi?"

Na ce, "Ai ga shi can na gina miki, na bulo, ba ruwan da zai taɓa shi. Ki shirya mu tafi."

Ta ce, "Na gan shi. Da muka je ta'aziyya Birnin Kudu da bazara na biya, kana makaranta. Na ce wa matarka kada ta gaya maka." Ta watsa ɓawon da ke cinyarta. "Na tsaya a ƙofar, na ɗaga ƙafa, gwiwa ta ƙi. Sai da aka kama ni ta nan, aka tura ta nan, kamar ana ɗora akuya a mota. Na shiga na ɗaga kai, rufi yana can sama, zafi kamar tanda. Ni da nake fita alwala sau nawa a rana, wa zai riƙa ɗaga ni yana saukewa?"

Na ce za a yi matakala. Na ce za a yi silin.

Ta dube ni sosai, irin kallon da take yi mini ina yaro in na dawo da riga a yage. Ta ce, "Babanku da zai gina wancan, sai da ya sa na tsaya ya auna ƙofar da tsawona. Kai kuwa indararo ka gina, ka manna masa ɗaki."

Ta jawo wani kwanon gyaɗar gabanta, ta ci gaba da ɓara a ƙofar ɗakin da ba nata ba.